Hausar Bayan Idona

"Ke ɗiyar ga, ba ki da baki ne?"

Inna ta laluba fuskar Na'ima da tafin hannu, don idanunta sun daina gani tun bara. Yarinyar tana durƙushe a gefen gado, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa Malam Sirajo, uban yarinya, malamin Turanci na shekara ashirin a Illela, ina tsaye riƙe da ledar lemu, ina murmushin wanda aka taka wa ƙafa a sahun salla.

"Kunya take ji, Inna."

"Kunyar mi? Ni na haihi ubanta."

Tun safe ƙanwata Baraka ta bugo waya daga Kalmalo, ta ce jikin Inna ya tsananta, kuma ba ni take nema ba, muryar jikarta take son ji. Ga jikar na kawo. Muryar ce ba ta biyo mu ba.

* * *

Ni na kafa dokar. Ranar da aka yaye Na'ima na ce daga yau ba Hausa a gidana. Matata Hindatu ta ce, "Malam, a garin da ko jaki da Hausa ake kora shi?" Na ce ai shi ya sa har yanzu yake jaki. Na daɗe ina jin daɗin wannan amsa.

A makarantarmu kuma, duk yaron da Hausa ta kuɓuce masa, kwali ake rataya masa a wuya ya yini da shi. Sau ɗaya Na'ima ta sa shi, tana 'yar shekara shida, don ta ce "wayyo" da ƙofa ta datse mata yatsa. Da hannuna na rataya mata, kada a ce ina son kai. A taron iyaye har tafi aka yi mini. Turancin nan kuwa da nake taƙama da shi, ban taɓa gwada shi a kan Bature ko ɗaya ba.

* * *

Da na dawo daga sallar azahar, sai na ji wata siririyar murya a ɗakin Inna. Na tsaya a bayan zana.

Hausa ce, amma Turanci ne ya ari rigarta, tana ɗingishi a kowace gaɓa.

"Kaka, ina so in ɗauki wanka a tafki."

"Ki ɗauke shi ki kai ina?" Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ce: in yi wanka."

"In yi wanka."

"Yauwa. Wa ya koya miki?"

"Mama, idan Dadi ya fita. Kada ki gaya masa."

"Wa ke nan Dadi?"

"Ɗanki."

"Sirajo? Wanda ya shekara bakwai yana jiƙa mini tabarma? Shi kike tsoro?"

Na'ima ta ƙyalƙyale da dariya. Shekararta tara a gidana, ban san haka dariyarta take ba.

Na ɗaga ƙafa zan shiga, takalmina ya gogi tsakuwa. Nan take Na'ima ta haɗiye dariyarta.

"Wane ne nan?" Inna ta tambaya.

Na buɗe baki, na rasa da wane harshe zan amsa. Na ja da baya a hankali, na tsaya cikin rana, ina riƙe numfashi.

"Akuya ce," in ji Inna. "Ci gaba, ɗiyata."