Jan Biron Dela

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Iya!

A kasuwar Babura akwai wata dillaliyar wake da riɗi, Dela sunanta. Bokonta bai yi nisa ba, amma a lissafi ba a ja da ita. Manoma su kawo mata kaya, mutanen Nijar su tsallako su saya, wani da naira wani da sefa. Biro biyu gare ta, ɗaure da zare a jikin littafinta. Kuɗin masu kaya, wato amana, da ja take rubuta su. La'adarta kuwa, ɗan abin da take samu a kan buhu, da shuɗi.

Rannan sai ga ma'aikacin haraji, Malam Musaddiƙ. Ya karɓi littafin, ya kai shago aka yi masa kwafi, ya maido mata. Da mako ya zagayo sai ga shi da takarda, kwaɗon kulle ƙofa na reto a yatsa.

Ya ce, "Baba Dela, naira dubu ɗari huɗu ne harajinki. Kwana bakwai, ko a garƙame rumfar nan."

Ta ce, "Ɗan nan, ni ka duba ko mai gidan mai?"

"Miliyoyi muka gani a littafinki."

"Ka gan su sun wuce, ka gan su sun kwana?"

Ya hau babur ya tafi. Maƙwabcinta Hamma mai awon gero ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ki ba shi na goro a rage miki mana."

Ta ce, "Goron me, suna aka yi? Abin da yake kaina zan biya, sisi ba zan ɗora ba."

Washegari ta yafa mayafi, ta rungumi littafinta sai ofis. Aka ce shugabar, Hajiya Bahijja, tana taro. Dela ta ce ai ba ta bar tukunya a wuta ba. Ta zauna bakin ƙofa har azahar, sannan aka shigar da ita.

Bayan gaisuwa ta ce, "Ranki ya daɗe, a kawo takardun da aka yi mini hukunci da su."

Musaddiƙ ya kawo. Ta buɗe littafinta gefen kwafin. To ashe injin kwafin bai san ja ba, bai san shuɗi ba, duk ya maida su baƙi. Shi kuma malamin ya bi layi ya tara kaf.

Dela ta ɗora yatsa. "Wannan jan, waken Dunoma ne, ya karɓi kuɗinsa, ga sa hannunsa. Wannan shuɗin na ɗari biyar shi ne nawa. Malam, in direba ya ɗauko shanu, nasa ne?"

Hajiya Bahijja ta danne dariya, ta tura wa Musaddiƙ littafin. "Zauna ka tara shuɗin kaɗai, a gabanta."

Ya tara, Dela na bin sa da ido, har ta gyara masa wuri biyu. Haraji ya tashi dubu goma sha takwas. Ta biya nan take, ta ce ba za ta ɗaga ba sai da rasit mai hatimi.

Dela na nan a rumfarta tana dillanci. Musaddiƙ an maida shi ɓangaren kasuwar dabbobi. Hajiya Bahijja ta yi ritaya bara, Hamma kuwa ya koma noma a Roni.