Sabuwar Karta a Gaban Baffa

Ko ledar da ke kan kujerun motar ba a cire ba tukuna. Saudatu ta lura da haka daga bakin zaure, lokacin da Alhaji Dabo yake fitowa daga cikinta yana tattare babbar riga. Shi ne wan mahaifinta, kuma shi zai miƙa sunayen 'yan gidansu na Ƙofar Durbi da za su tafi Hajji bana. Ranar Litinin ake rufe karɓar sunaye. Ya riga ya faɗa cewa in dai kan mahaifin nata, Malam Gwadabe, bai dawo daidai ba, ba zai kai shi cikin taron Mina ya ɓace ba.

Wata huɗu ke nan da hawan jini ya kayar da Malam Gwadabe. Ƙafa ta tashi, baki ya miƙe, saura mantuwa. Da Saudatu ta zo hutu daga jami'a a Zariya, likita ya ce ta riƙa yi masa wasan da zai motsa ƙwaƙwalwa. Ta tono wata tsohuwar karta a akwatin yayanta, suka shiga yi kullum bayan la'asar. Cikin sati uku har ya fara cinye ta. Abin da take so Baffa ya gani da idonsa ke nan.

An shimfiɗa wa baƙo sabuwar tabarma, an kawo fura a kwanon da ba a taɓa ci a ciki ba. Ita ma ta ji kunyar baza masa kartar nan da ta yi baƙi da dauɗa, don haka tun da safe ta je kanti ta sayo sabuwa.

Aka gaisa, aka tambayi jiki da iyali da kasuwa. Baffa ya dubi kwalin da ke hannunta.

"Uwata, caca aka koyo mana a jami'ar?" Sunan mahaifiyarsu gare ta, haka su biyun suke kiranta.

"Ba kuɗi a ciki, Baffa," ta ce, kanta a ƙasa. "Duka hamsin da biyun ake kifewa a jere. Mutum ya buɗe biyu. In sun zo ɗaya, kamar bakwai da bakwai ko sarki da sarki, ya kwashe ya sake. In ba su zo ba ya mayar da su inda suke, a kife. Abin dai a tuna inda kowace take."

"To, mu gani."

Malam Gwadabe ya gyara zama yana murmushi. "Yaya, yau za ka sha mamaki."

Ya buɗe huɗu da tara, ya mayar. Saudatu ta buɗe wata taran can gefe, ta bar masa ita da gangan. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Ya buɗe sarki. Zagaye na biyu haka, na uku haka. Gumi ya fara tsattsafo mata a wuya. Jiya fa guda goma sha ɗaya ya haɗa!

Sai ta ga abin da yatsansa yake yi. Yana bin bayan kartar ɗaya bayan ɗaya, yana shafa gefe, yana laluben kusurwa. A tsohuwar, akwai mai tabon goro, akwai wadda ɓera ya ɗan gutsura, akwai mai lanƙwasa. Waɗannan ya sani. Wurin da ya ajiye karta bai taɓa riƙewa ba, ita ce ta yi sati uku tana murna ba ta duba ba. Nan kuwa dukansu shuɗi ne sumul, ba wadda ta bambanta.

Ta sake buɗe taran nan, ta riƙe ta a sama fiye da yadda ya kamata.

"Ke ma mantuwar ce, Uwata, ko tausai?" in ji Baffa.

Ta mayar da taran ta kife. Haushin kanta ya kama ta.

"Wagga ba tawa ba ce," Malam Gwadabe ya ce. "Ina tawa? Ɗauko mani tawa."

Tsohuwar kartar tana ƙarƙashin matashinta, taku goma ne. In ta kawo, zai cinye, Baffa ya rubuta suna. Ta hango shi tsaye cikin farin harami, tsakanin tantuna dubu masu kama ɗaya, yana juyawa. Ba ta motsa ba.

"Saudatu," ya sake cewa. Bai taɓa kiran sunanta ba sai yau.

Baffa ya kurɓi fura ya ajiye ludayi. "Gwadabe, Makka ba ta tashi. Baɗi, in Allah ya kai mu, ni da kai."

Malam Gwadabe ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya mayar da sarkin da ke hannunsa ya kife shi a hankali, ya dafa bango ya miƙe, ya zura takalmansa ya shige cikin gida.