Ɗakin da na ce ya zube

Ni dai ban so zuwa ba. Ɗiyata Amira ce ta matsa, wai sai na zo na ga ana ba ta kyauta. Ta uku ta zo a ajinsu, to mi ne ne abin kiɗa ganga a ta uku? Amma ɗiya ɗiya ce. Na rufe shagon atamfata, na yafa gyale, muka nufi lise, wato makarantarsu ta sakandare.

Ranar komawa lakkwal ce, kuma bana shugaban makarantar ya ce ba mai shiga aji sai an karrama yaran da suka yi fice bara. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, uwaye sun cika wurin maƙil. Na laɓe can baya, don na san sunan da za a fara kira.

Sahura Jibo. Ɗiyar wani ɗan'uwan maigidana ce, daga wani ƙauye can bayan Dumega. Garinsu babu lise, shi ne bara uban ya kawo ta Dogon Dutsi ta zauna wurinmu, kamar yadda ƴan ƙauye ke yi. Ya zo da buhun gero da kaji biyu, ya ce, "Hajiya Asiya, ga amana." Na ce haba, ai ɗiyata ce. Na share mata ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa.

Wallahi da zuciya ɗaya na riƙe ta da farko. Sai sakamakon farko ya fito: Sahura ta ɗaya, Amira ta biyar. Amirar da tun ajin farko ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba! Matan kasuwa kuwa suka samu abin yi. "Asiya, ashe baƙuwar taki ta fi ƴar gida kai?" Ina yi musu dariya, zuciyata na tafasa. Na ƙara wa yarinyar aiki: daka, wanki, ɗiban ruwa, aike bisa aike. Duk takan yi su. Ta gama, ta wanke hannu, ta ɗauki littafi. Ƙarshen shekara ba ajinsu kaɗai ba, lise ɗin gaba ɗaya ta wuce kowa.

Da damina suna hutu, ta koma ƙauye, na ba direban motar Dumega saƙo: a gaya wa ubanta Jibo ruwa ya zubar da ɗakin Sahura, bana ba mu da wuri. Ɗakin nan ko tsaga bai yi ba. Maigida da Amira kuma na ce musu uban ne ya riƙe ta. Na lallashi kaina da cewa gidaje sun yi yawa a Dutsi, wani zai ɗauke ta.

"Sahura Jibo!" in ji shugaba. Aka tafa. Shiru. Ya sake kira, har sau uku, yara na waige-waige. Can sai malamarsu ta lissafi, Madam Kausar, ta miƙe ta nuno ni. "Ga mai masaukinta nan, ta zo ta karɓa mata."

Innalillahi! Dole na tashi. Shugaba ya riƙe lasifika yana zuba mini yabo, wai irin waɗannan uwaye ake nema, masu riƙon ɗan wani tamkar nasu. Matan da suka yi mini ba'a a kasuwa su ne masu guɗa. Aka ɗora mini jaka, da littattafai, da fitila mai aiki da hasken rana. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Ina saukowa Madam Kausar ta ja ni gefe. "Hajiya, ina take? Ajin ya cika, ga wasu na jira. In ba ta zo ba zuwa Litinin, wurinta ya tafi."

A hanyar gida Amira na rungume da tata kyautar, ba ta ko duba ta ba. Ta ce, "Mama, ki je ki roƙi babanta mana. Ita ke koya mini lissafi in kin aike mu. Da ba don ita ba, ko ta goma ba zan zo ba." Na daka mata tsawa ta rufe mini baki, alhali ba ta yi laifin komi ba.

Washegari na shiga motar Dumega, daga nan na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen. Jibo ya tarbe ni da murna har da shimfiɗa tabarma, ya hau yi mini jaje. "Allah shi maida alheri, Hajiya. Ba wanda ya ji ciwo dai ko? Ga itace can na sara, in an ƙare girbi in kawo a tada ɗakin." Na dubi itacen a jingine jikin rumbu, na rasa inda zan sa idona. Ya ce gida uku ya bi a Dutsi neman masauki, kowa ya ce ya cika, sai ya haƙura.

Na ce masa an riga an gyara, na zo tafiya da ita. Ƙarya bisa ƙarya, Allah na tuba.

A gona na iske ta tana roron wake, ta yi baƙi, ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Na miƙa mata jakar, na ba ta labarin taron, ina ta zuba kamar kanya. Ta goge hannu a zanenta kafin ta taɓa littattafan. Na ce ta tattara kayanta, kafin Litinin muna gida.

Ta maida littattafan cikin jakar. Sannan ta duba ta ga uban yana nesa, ta rage murya.

"Inna, ina son in koma. Amma ki hwaɗa mini tun yanzu, ta nawa kike so in riƙa zowa? Ko ta shida ce, zan iya."

Na duba fuskarta ko gatse ne. Wallahi da gaske take tambaya.