Kunun Biskit

Dabo ya dawo Jajaye da farkon daminar shekarar da aka sallami sojojin yaƙin Bama. Motar gwamnati ta sauke shi a Karaye, daga nan ya tako da ƙafa, jakar soja a kafaɗa, takalmansa rataye a wuya don sun cinye masa dunduniya. Shekara uku da wata huɗu ke nan tun ranar da dagaci ya kira sunansa cikin mutum shida da hakimi ya nema.

Aka yi murna sosai. Mahaifinsa, Malam Tsoho, ya yanka bunsuru, maƙwabta suka cika zaure ana ta barka da arziki. Matarsa Hajo ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu ba ƙyashi, ta kawo masa ɗaki a akushi. Dabo ya ɗaga murfin. Tururi ya bugi fuskarsa, sai ya mayar da murfin ya rufe.

"Maigida, ko miyar ce ba ta yi ba?"

"Ta yi. Ajiye min tukuna."

Bai taɓa tuwon ba sai da safe, da ya sandare. Hajo ta ɗauka za ta yi ɗumame, ya ce ta bar shi haka. Ya gutsura ya ci da sanyinsa, ya kora da ruwa. Kwana biyu haka aka yi. Fura yana sha, gumba yana ci, gyaɗa yana tauna, amma duk abin da ya sauko daga wuta sai ya huce sarai kafin ya kai hannu. Hajo ta ɗauka halin bariki ne, zai wuce.

Rana ta uku da la'asar yana kwance a ɗaki, barci ya ɗan ɗauke shi. Hajo tana hura wuta a madafi da ɗanyen itace, don ruwan jiya ya jiƙa na bushewar. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida ya shiga ɗakin. Sai kawai ta ga mutum ya fito a guje, ya shuri tukunya, ya ɗaga tulu ya juye a murhu, yana ihu, "Kashe! Kashe wutar! Kwanta!" Ya hankaɗa ta ƙasa ya danne ta da jikinsa. Hannunta ya faɗa kan dutsen murhu, wuyan hannun ya saluɓe.

Da Malam Tsoho ya shigo, ya tarar da ɗansa durƙushe cikin toka da ruwa, Hajo kuma tana riƙe da hannunta, ta kasa ko kuka. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, wai Dabo ya kwaso iskokin wata ƙasa.

Tsohon ya karɓo rubutu ya ba shi, ya sha. Washegari ya kira shi zaure, su biyu kaɗai.

"Dabo, ni na haife ka. Wannan ba aikin iska ba ne. Me ka ɗauko?"

Dabo ya ce, "Baba, magana ce. Amma ba kai ya kamata ka fara jin ta ba. Uwar Muntaka ce."

Muntaka mutumin Fulatan ne, ɗan autan Gwaggo Barira, wadda 'yar'uwar Malam Tsoho ce ta nesa. Rana ɗaya aka ɗebe su, jirgin ruwa ɗaya suka shiga. Shekara biyu da suka wuce takarda ta zo ta hannun dagaci cewa ya rasu a bakin daga, ba a ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

"To ka je ka sauke," in ji Malam Tsoho. "Kaya ba ya raguwa don an daɗe da shi a ka."

Dabo ya kama hanya da hantsi. Gero ya kai gwiwa, mutane na ta noman farko, wasu na ɗaga masa hannu daga cikin gonaki, yana amsawa bai tsaya ba. Ya isa Fulatan bayan azahar. Ya tarar da Gwaggo Barira a gindin bango tana ɓarar gyaɗar iri da ta rage, babban ɗanta Sulle yana gefe yana gyara ƙotar fartanya. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida, aka yi gaisuwar rashi kamar jiya aka yi shi. Ta sa aka kawo masa ruwa.

"Na ji ka dawo," ta ce. "Na ce in yana da abin faɗa min, ƙafarsa za ta kawo shi."

"Ina da shi, Gwaggo."

"Ina ji."

Ya fara daga nesa, don bai san ta inda zai shiga ba. Ya ce ƙasar duk kurmi ce da duwatsu, babu hanyar mota, saboda haka jirgin sama ne ke jefo musu abinci da laima, kwana biyar-biyar. A cikin kowane kwali akwai biskit mai taurin tsiya, da naman gwangwani, da garin madara, da sukari da ganyen shayi da ɗan gishiri. Da farko sun ƙi naman, don ba su san wanda ya yanka ba, sai limamin rundunarsu ya ce lalura ce, su yi bismilla su ci.

"Dakuwar da na yi masa fa?" in ji tsohuwar. "Rabin ƙwarya na ƙulle masa."

"Ta kai mu har bakin teku, Gwaggo. Kullum ɗan guntu yake ba ni."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɓara.

Ya ce sai aka kai su wani tudu, sojan Japan suna kan tudun da ke fuskantarsu, rafi a tsakani. Aka yi doka: ba wuta, ko ta ashana. In suka hango hayaƙi, nan za su auno igwa. Kwana goma sha ɗaya ba wanda ya sa abu mai ɗumi a bakinsa. Naman gwangwani da kitsensa a daskare, biskit, ruwan rafi. Ganyen shayin ma taunawa suke. Mutanen ƙauyukan wurin su ma sun gudo cikin kurmin sun ɓuya, su ma ba halin hura wuta, ɗanyar shinkafa suke jiƙawa su ba 'ya'yansu. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, ba haƙori ko ɗaya, Muntaka ne ke jiƙa mata biskit ɗinsa a ganye ya kai mata.

"Ni kuma atini ya kama ni, da zazzaɓi. Duk abin da na ci sai ya dawo. Na kwanta a rami, ba na iya ɗaga bindiga. Sai na shiga sambatu. Kunu nake kira. Kunun tsamiya, koko, ko ruwan zafi ma. Muntaka yana cewa in yi haƙuri, saura kaɗan a ɗaga mu daga nan. Ni kuwa ban daina ba. Na riƙe rigarsa na ce masa, don girman Allah, don zumuncin da ke tsakaninmu, kada ya bari in mutu ban sha abu mai zafi ba."

Sulle ya ajiye fartanyar.

"Hankalina ba duka ya gushe ba," Dabo ya ce. "Ba zan yi muku ƙarya ba. Na san dokar, na san abin da nake roƙo."

Ya ce da safiyar rana ta goma sha biyu Muntaka ya daka biskit huɗu da gindin bindiga, ya zuba a gwangwani da garin madara da sukari. Ya gangara wani kwazazzabo can ƙasa da ramukansu, ya haƙa rami mai zurfi, ya tara busasshiyar gora, don an ce ba ta cika hayaƙi ba. Amma a ƙasar nan ba abin da ke bushewa da gaske. Ya dama kunun, ya hawo da shi a naɗe cikin hularsa don zafi, ya miƙa wa Dabo, ya ce, "Sha a hankali, bari in je in binne wutar." Ya juya ya gangara.

"Ban kai rabin gwangwanin ba na ji harsashin igwa na farko ya faɗi. Uku suka jefo, duk a kwazazzabon. Shi da wani mutumin Zariya da ya je ɗibar ruwa, nan suka rasu."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar ɓawon gyaɗar, ba a kore ta ba.

"Kunun fa?" in ji Gwaggo Barira.

"Na shanye, Gwaggo. Ina kuka ina sha. Ya kuma zauna min. Daga ranar na fara samun sauƙi." Ya ɗago ya dube ta. "Akwai saura. Da Baturen rundunarmu ya zo yana tambayar wanda ya hura wuta da dalilinsa, sajenmu ya ce Muntaka ne, kwaɗayin shayi ya kai shi. Haka aka rubuta. Ina kwance ina ji. Ban ce komai ba."

Sulle ya miƙe tsaye. "Wato ya mutu dominka, ka kuma bari aka shafa masa baƙin fenti."

"Haka ne, Yaya."

"Kada ka ce min Yaya." Ya ɗauki fartanyarsa ya fice, ko waiwaye bai yi ba.

Tsohuwar ta share hannunta da zane. Idanunta a bushe suke. "Shi ya ɗanɗana?"

"Ko a yatsa bai lasa ba."

"Kwana goma sha biyu," ta ce, kamar da kanta take magana. "Auta, da ko tuwon dare ya ɗan huce sai ya yi min ƙorafi." Sannan ta ɗago. "An yi masa wanka?"

"Babu hali. A bargonsa muka naɗe shi. Liman ya yi masa salla a durƙushe."

"Gabas fa? An fuskantar da shi?"

Dabo ya so ya ce e. Kalma ɗaya ce, da ta wadatar da ita. Amma ya riga ya faɗi mai wuyar. "Ana ruwa, ba rana. A can kuma alƙibla ba gabas take ba, yamma take. Liman ya nuna wani gefe, muka bi. Ban sani ba ko daidai ne."

Ta sunkuyar da kai. Ya jira. Ya yi tsammanin zagi, ya kuma yi kwaɗayin yafiya, ko wanne ya zo zai karɓa. Sai ta dubi sama ta ce, "Hadari na haɗuwa. Tashi ka kama hanya kada ruwa ya tare ka. Ka gaida Malam."

Ruwan ya tare shi tun bai yi rabin hanya ba. Bai fake ba.

A gida al'amura ba su koma daidai ba, sai dai an sami yadda za a zauna. In Hajo za ta hura wuta sai ta faɗa masa, ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ko ya zauna can bayan gari har hayaƙin ya lafa. Ƙunar hannunta ta warke ta bar tabo fari. Ya roƙe ta gafara, ta ce ba komai, amma ya lura duk sanda ya motsa da sauri a kusa da ita sai ta ɗan ja baya. Da kaka ya je Karaye wajen magatakardan hakimi, ya ce yana so a gyara abin da aka rubuta a kan wani soja. Magatakardan ya saurare shi har ƙarshe, ya ce wannan takarda ba ta nan, ba ta Kano ma, wataƙila tana can ƙasar Turawa, kuma wa zai buɗe ta saboda mamaci.

Bayan an gama cire gyaɗa, ran kasuwar Rogo, Sulle ya tare shi a layin masu gishiri. Bai ba shi hannu ba.

"Iya ta ce ka zo."

Ya je. Ta shimfiɗa masa tabarma ta tambaye shi labarin tsohuwar nan marar haƙori, ko ta rayu. Ya ce bai sani ba. Wani zuwan ta tambaye shi irin itatuwan da ke wurin, ko akwai inuwa a kan kabarin. Wani zuwan kuma ba ta tambayi komai ba, ya zauna tana surfen gero yana taya ta hira har la'asar. Ya riƙa zuwa duk bayan kasuwa biyu. Ya yi wa ɗakinta jinka, ya gyara mata danga. Ba ta taɓa hana shi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yafe masa ba. Sau ɗaya ya tattaro ƙarfin hali ya tambaye ta, ta ce, "Ni ba ni ka roƙa kunu ba."

Ta rasu a bazara ta biyu, bayan gajeriyar jinya. Dabo ya isa Fulatan ana shirin fitowa da ita, ya tsaya daga baya cikin jama'a. Da aka zo ɗaukar makara, mutum uku suka kama, gefe ɗaya ya rage. Sulle ya waiga ya duba mutanen da ke tsaye, idonsa ya wuce kan Dabo, ya sake dawowa.

"Kama nan," ya ce.

Dabo ya kama. Har aka kai maƙabarta aka dawo, ba su sake cewa da juna komai ba.