Kibiyar da Ba ta San Gaisuwa ba

Kibiyar da ke yawo a allon kwamfuta ta isa kan harafin da yake nema ke nan, sai mai shara ta leƙo ta ce sannu da jiki. Akawu ya juya ya amsa, kamar yadda uwarsa ta koya masa shekara hamsin da suka wuce. Ko da ya dawo da kansa, kwamfuta ta buɗe masa kalanda.

Wata bakwai ke nan da hatsarin mota ya bar masa hannuwa biyu a kan cinya, ba sa ɗaukar ko cokali. Yau ya dawo ofis, kuma manaja, cikin tausayi irin na manajoji, ya ce a ba shi wasiƙa guda ya buga kafin sha biyu. In ya gama, kujerarsa tana nan. In bai gama ba, takardar ritaya tana cikin durowa, har an buga mata hatimi don kada a wahalar da shi.

Ƙanwar matarsa, wadda ke gyaran kwamfuta a hawa na ƙasa, ita ta haɗa masa kayan: 'yar kyamara a saman allo, da ɗigo mai ƙyalli manne a tabaransa. Inda ya juya kai, nan kibiya za ta. Inda ta tsaya daƙiƙa ɗaya, nan za ta danna da kanta, ba ta tambayar ko da gangan ne. Haruffa suna jere a ƙasan allo, yana tsintarsu ɗai-ɗai kamar kaza. Ya yi mako uku yana koyo a gida har ya gwane. Sai dai a gida ba wanda ke gaishe shi sau arba'in.

Direba ya zo, sakatariya ta zo, mai gadi ya bar ƙofa ya hawo. Kowa yana son labarin hatsarin tun daga farko, kowa kuma yana da wani ɗan'uwa da nasa ya fi muni. Wani dattijo daga sashen fayil ya ja masa doguwar addu'a. Akawu ya sunkuyar da kai yana amin, kibiya ta sauka kan maɓallin gogewa ta yi zamanta. Kafin a shafa, ta cinye layi shida.

Sha ɗaya saura kaɗan ƙanwar matar ta shigo, ta tarar da shi yana zagin allo a hankali.

"Yaya, ai na nuna maka wurin dakatar da kibiyar. Ga shi can, kusurwar sama."

"Kin nuna mini ranar da yayarki ta hana ni shayi. Sauko da shi ƙasa mana, inda mutum mai mutunci yake kallo."

Ta ce saukowa da shi ba wuya, amma sai da lambar sirrin shugaban sashensu, shi kuma ya tafi taron ƙara wa juna sani a kan taimakon masu naƙasa, sai mako mai zuwa. Ta ƙara da cewa wannan maɓallin daƙiƙa uku yake so, ba ɗaya ba, don gudun kuskure. Ya gode mata da gudun kuskuren.

Sha biyu saura minti goma, layi biyu suka rage. Ƙofa ta buɗe, ƙamshin turaren manaja ya riga shi shigowa. Shekara ashirin da biyu akawu yana sunkuya wa wannan turare. Wuyansa har ya fara aikinsa, ya tuna abin da ke ƙasan allo.

Sai ya ɗaga haɓa sama, ya kafe idonsa a kusurwa, hanci yana kallon silin. Manaja ya yi sallama. Ɗaya. Manaja ya yi gyaran murya. Biyu. Sakatariya, a bayansa, ta dafe baki. Uku.

Kibiya ta dakata, sannan akawu ya sauke kai ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da shigowa."

Manaja ya matso. Ya tsaya a kansa har ya buga harafin ƙarshe, ya karanta wasiƙar sau biyu yana neman kuskure, bai samu ba. Ya ce kujerar tasa ce, ya fita. A baranda, inda ake jin komai, ya gaya wa sakatariya cewa ciwo yakan tausasa wasu, wasu kuma ya kumbura musu kai.

Ƙarfe biyu ta kawo wa akawu aikinsa na farko, rubutun hannun manaja ne, ana so a buga da gaggawa. Takardar neman ba'asi ce a kan raina na gaba, kuma sunan akawun ne a sama. Ta jingina ta inda zai gani, ta tambaye shi ko ta rufe ƙofa.

Ya ce ta rufe. Ya karanta har ƙasa, ya ga manaja ya mance kwanan wata, ya fara da gyara masa shi.