Tunku Biyu, Baƙin Mai Gari

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe, na sauka daga kwalekwale da buhu yana motsi. Tunku biyu ne a ciki, mace da namiji. Wata uku na yi ina saran rake a babban tsibirin Fiji kafin a kore ni, can na ji cewa Turawa ne suka kawo su saboda ɓeraye. Namu ɗan tsibirin ba tunku, ɓera kuwa har sabulu yake ci.

Kakata Mereoni ta leƙa buhun ta ja da baya.

"Apisai, waɗanne irin dangi ka kwaso mana?"

"Ma'aikata ne, Kaka. Su za su tsare miki kaji."

Kaji ashirin da uku take kiwo don abincin cikar kwana ɗari da rasuwar kakana.

A wurinmu baƙo ba ya zama sai an kai wa mai gari saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha. Don tsokana na kai da sunan tunkun. Ashe ɓera ya cinye wa mai garin, Ratu Waisake, zanen zuwa coci. Ya leƙa buhu, ya tafa hannu, ya karɓa.

"Daga yau 'yan gari ne. Wanda ya taɓa su ya taɓa ni."

Abin da ban sani ba, tunku da rana yake aiki, ɓera da dare. Ko gaisawa ba su taɓa yi ba. Kaza ce ke yawo da rana.

Da tunkun suka cinye kaza ta bakwai Kaka ta ɗauki adda, kawuna Tevita ya riƙe ta.

"Mama, baƙin Ratu ne fa!"

Ta fizge ta nufi gidan mai gari.

"Ranka ya daɗe, ka mayar wa wannan shashashan saiwarsa!"

"Ta yaya, Mereoni? Mun riga mun shanye."

Dattawa suka yi zama uku a kan maganar, kowane zama da ƙwaryar yangona, ba a yanke komai ba. Kafin na huɗu macen ta haihu.

Ran cikar kwana ɗari, kifin gwangwani aka ba mutanen da suka tsallako teku. Kaka ta raba da hannunta, ta tsallake ni.

An rasa kaji ashirin da biyu, tsaki tara, agwagwar fasto ɗaya, da shimfiɗata a ɗakin Kaka. Ɓera ko ɗaya bai mutu ba.