Yadda Muka Yi Musayar Bindiga da Ɗan Doka

Bindiga ɗaya tak muke da ita a Unguwar Kabo, ta Badaru maharbi. Adaka ce doguwa, wani maƙeri ya ƙera ta a Wagini tun Badaru bai yi gemu ba. Ƙauyenmu yana yamma da Ruma, a gindin daji sosai, har in kika yi shanyar gyaɗa sai kin tsaya a kanta, don bika na iya zuwa ya ɗanɗana. Bika dai shi ne ƙaton birin nan mai fuskar kare, ga wanda bai taɓa zama bakin daji ba. Ba su tsoron mace, ba su tsoron yaro, namiji ma sai sun duba abin da ke kafaɗarsa. Warin albarushi kaɗai suke ganin girmansa. Da zarar dawa ta fara nuna, Badaru zai zaga gonaki safe da yamma, ya saki harbi ɗaya sama, kowa ya ci tuwonsa a shekarar.

To, daminar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, wannan bindiga ta ci mutum. Rabe mijin Talatu ya duƙa cikin dawarsa da sassafe yana cire ciyawa, da warki a jikinsa. Badaru ya ga duhu yana motsi tsakanin karare, ya zaci gadu ne. Kafin rana ta take an rufe Rabe. Alƙali ya ce kuskure ne, dangin mamaci suka ce sun yafe, aka yi fatiha aka watse. Talatu kuwa ba wanda ya tambaye ta ko ta yafe. Aka bar ta da 'ya'ya uku da gona ɗaya, gonar kuma ita ce ta ƙarshe, daga ita sai daji.

Da shekara ta zagayo, dawa na fitar da kai, sai ga manzo daga wajen hakimi. Wai Bature ya ce duk bindigar da ba ta da lamba a kai ta, ta maƙera kuma ba a buga mata lamba. Ƙauyukan da ke kusa da mu ba su wahalar da kansu ba, suka tura nasu cikin rumbu, suka ce su ko ƙarar bindiga ba su taɓa ji ba. Mu ma da haka za a yi, in dai kowa zai kama bakinsa. Mai Unguwa Kabo ya tara maza a zaurensa. Ni kuma na ɗauki kwaryar daddawata na zagaya bayan darni, don a ranar mutanen gidan Kabo sun matsu da daddawa ko da su ba su sani ba.

Armaya'u mahauci ne ya fara, shi da ma ba ya jiran a ba shi magana.

"Ranka ya daɗe, wanda ya kafa wagga doka, yana da gona a bakin daji? A gwangwani yake cin abincinsa. A ɓoye ta kawai."

"In aka kama fa?" in ji Kabo. "Kai za a ɗaure ko ni? Rawanin nan da kake gani ba da ƙusa aka kafa shi ba."

Aka juya ga Malam Abdurrahim, limaminmu. Ya yi gyaran murya ya ce bin na gaba wajibi ne, ƙarya kuma haramun ce. Masu son a kai bindiga suka ce madalla. Ya sake gyaran murya ya ce tsare dukiya da abincin iyali shi ma wajibi ne. Masu son a ɓoye suka ce madalla. Armaya'u ya ce, "Allah gafarta Malam, to wanne za mu ɗauka?" Malam ya ce Allah ne masani, ya ci gaba da jan carbinsa.

Badaru na can lungu ya sunkuyar da kai. Tun rasuwar Rabe ya rame kamar kara, bindigar ma sai an roƙe shi yake ɗauka.

Ana cikin haka Talatu ta wuce ni fuu, ko gaisuwa babu, ta durƙusa a ƙofar zaure. Mace a ƙofar zauren maza! Na ce yau daddawata ta yi riba.

"Baba Mai Unguwa, ku gafarce ni. Ku ɓoye ta in kun ga dama. Amma duk wanda ya tambaye ni, zan nuna masa rumbun."

Maza suka dubi juna a firgice. Armaya'u ne ya farfaɗo.

"Ke Talatu, kina cikin hankalinki? Gonarki ce ta farko da bika za su shiga."

"Na sani. A cikinta aka kashe shi."

"Kuskure ne, alƙali ma ya faɗa."

"Kuskuren bana na wa zai zama? Naka, ko na ɗanka mai zuwa yankan ciyawa?"

Ta tashi ta tafi. Maza suka bi bayanta da kallo.

Maganar ba ta tsaya a zaure ba, ta bi mu har bakin rijiya da wajen niƙa. Hansai matar Armaya'u ta tare Talatu, guga a hannu.

"Ƙawata, bindiga ba ta tashi da kanta ta harbi mutum. Hannu ne."

"Tsintsiya ma ba ta tashi da kanta," in ji Talatu, "amma ba ta taɓa sa ni takaba ba."

"To wuƙar mai gidana fa? Ita ma a kai wa Bature?"

"Wuƙa sai mutum ya matso ya ga fuskarki. Da wuƙa Badaru ke riƙe da ita, da ya ga gemun marigayi."

Suka ce, "Yaya Kande, ke ba ki ce komi ba." Na ce ni ai ƴar kallo ce. Gaskiya kuwa in Hansai na magana sai in ji ita ke da gaskiya, in Talatu ta buɗe baki sai in koma bayanta. Haka nake har yau.

Kabo ya ga asiri ba zai rufu ba, ya naɗe bindiga a tabarma ya hau jaki zuwa Batsari. Ya dai yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Ya faɗi gaban hakimi ya ce an karɓe mana mai tsaro, a ba mu wani. Bayan kwanaki sai ga shi ya dawo da mutum a bayansa: ɗan doka Sahabi, da jar hula, da gajeren wando, da kulki a ɗamara. Wai zai zauna da mu har a gama kaka, mu ne da ciyar da shi.

Sahabi ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ci ne dai Allah Ya hore masa. Kajin unguwa suka fara sanin ƙarar takalminsa. A makon farko ya raba faɗan kishiyoyin jakuna, ya kama wani da ya yi fitsari kusa da rijiya, ya hana yara wasan langa a hanya. Doka ta zauna daram.

Rannan bika suka sauko. Babbansu, wani mai furfura a wuya, ya hau dutse ya yi ta shaƙar iska. Ya duba gabas, ya duba yamma, bai ji warin da ya saba ji ba. Kafin azahar sun shiga kunya uku na gonar Talatu. Ta zo da gudu wajen Sahabi, yana gindin tsamiya yana sakace.

"Yallaɓai, ɓarayi a gonata!"

Ya miƙe da kulkinsa, muka bi shi duu. Ya tsaya bakin gona ya hura usur. Bika suka ɗago suka dube shi, kowa da zangarniya a hammata, suka taka a hankali suka tsallake wasu fararen duwatsu da malamin daji ya jera a shekarar, suka zauna suna ci.

Sahabi ya tsaya cak.

"Bi su mana!" in ji Armaya'u.

"Daga farin dutsen nan gandun daji ne. Ba a harbi, ba a tarko, ba a sare ko reshe. Wanda ya taɓa dabba a ciki, ni zan kama shi."

"Wato su kake tsaro ke nan, ba mu ba?"

"Ni mutane aka ce in kama. Kawo mini mutum ya saci dawa ka ga aiki."

"A gayyato ɓarawo daga Safana mana," in ji Hansai, "ko ma ga amfanin kajinmu."

Aka yi dariya, har da Sahabi. Talatu ba ta yi ba.

An gwada komi. An kafa rumfa a gona, ƴaƴanta suka wuni suna kaɗa gwangwani da jifa da majajjawa har muryarsu ta dishe. Maza suka zo da baka da kibiya, amma kowa na da tasa gonar, ba mai iya wuni a ta wani. Da sun juya baya, sai mai furfura ya yi tari ɗaya daga kan dutse, rundunar ta dawo.

Wata safiya na je kai wa Talatu daddawa, na tarar ba ta gida. Na bi ta gona. Abin da na gani, da ba da idona na gani ba, da na ce sharrin masu gulma ne. Talatu ce sanye da rigar marigayi da hularsa, ta shafe taɓarya da baƙin tukunya ta saɓa a kafaɗa, tana zaga gona da irin takun Badaru. Na toshe baki da gyale. Dariya ta zo mini har wuya, ta tsaya nan, ba ta fita ba.

Bika suka ja baya, suka hau dutse. Na ce kai, dabara ta ci. Ta ɗaga taɓarya ta auna su. Suka jira ƙara. Ƙara ba ta zo ba. Mai furfura ya sauko, ya tako har gabanta kamar mai zuwa gaisuwa, ya shinshina bakin taɓaryar. Warin dakan gero ya ji. Ya miƙa hannu ya karya zangarniyar da ke kusa da ƙafarta, ya zauna nan ya fara ci yana kallonta.

Ta sauke taɓaryar ta zauna a kan kunya. Na je na zauna kusa da ita. Muna zaune suka gama da gefen gabas.

Da yamma har an kai wa Sahabi labari wai Talatu na da bindiga. Ya zo ya juya taɓaryar, ya duba gindinta ko da lamba, ya mayar mata. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri." Aka ce a ranar bai ci kazar da aka kai masa ba, amma ni ban gani ba, kuma ban yarda ba.

Badaru ya same ta a ƙofar gida washegari, karo na farko da ya tsaya gabanta tun ranar jana'iza. Ina bayan darni, ƙaya ta shiga ƙafata ina cirewa.

"Talatu, maƙerin Wagini yana nan da rai. In kin ce to, in tafi yau. Ba wanda zai ji. In an kama, ni za a ɗaure."

Talatu ta dube shi. Ƙaramar ɗiyarta na riƙe da zanenta.

"In ka ga motsi cikin dawa, za ka iya rantsewa ba ɗana ba ne?"

Badaru ya dubi ƙasa.

"Ba zan iya ba," ya ce.

"To ka bar maƙeri ya huta."

Da aka yi girbi, abin da Talatu ta tattara bai cika dami biyu ba, shi ma rabinsa tsinto ne daga ƙasa. Mutane sun taimaka da ɗan abin da za su iya, amma kowa an taɓa shi a shekarar. Sahabi ya naɗe tabarmarsa ya koma Batsari, wa'adinsa ya cika. Kafin sanyi ya wuce dangin Rabe suka zo suka ɗauki manyan yaran biyu, ɗaya Wagini, ɗaya Safana, don ba gidan da zai iya riƙe su tare. Ita kuma wanta ya aiko da jaki daga Runka.

Na raka ta har bakin rafi, ina riƙe mata ƙullin tsummokaranta. Bakina bai iya zama shiru ba, kun dai san ni.

"Talatu, tsakaninki da Allah, da kin san haka za ta kasance, da kin je ƙofar zauren nan?"

"Ko gobe aka sake tara su, Yaya Kande, abin da zan faɗa ke nan."

"Ga yara an raba."

"An raba su da ransu." Ta gyara goyonta. Can ta ce, "Amma kada ki ce wa Hansai na ce ta yi ƙarya. Ba ta yi ba."

Ta karɓi ƙullinta, ta kora jaki suka gangara.

Ba wanda ya noma gonarta da damina ta dawo. Geza da sabara suka cinye ta, daji ya matso. Maza suka ci gaba da taruwa a zauren Kabo, Armaya'u na cewa a tafi Wagini, Kabo na shafa rawani, Malam na ba kowa gaskiya, har aka yi shuka aka yi noman farko ba a yanke komi ba. Da dawa ta fara nuna na fita da safe in duba tamu, wadda ke maƙwabtaka da ta Talatu. Mai furfura na zaune a kan kunyar iyaka, ya juya wa tsohuwar gonar baya, yana ƙare wa zangarniyarmu kallo.